Ƙannena, ku gwada turara ƙwai maimakon barinsa yana ta tafasa

Ƙannena, akwai kuskuren da na yi shekaru ina yi a kicin kuma ban ma san kuskure ba ne. Ni a da gani nake dafa ƙwai ba abin koyo ba ne, kawai ka zuba ruwan sanyi a tukunya ka jefa ƙwai ka ɗora a wuta ka tafi sabgarka, in ka tuna ka dawo ka sauke. Wani lokacin minti 20, wani lokacin har rabin awa, wai ni a ganina gara ya daɗe ya dahu sosai.

Ranar da abin ya dame ni shi ne da na dafa guda 12 zan yi baƙi, na zo ɓarewa sai ɓawon yana tahowa da farin, kowanne ya fito duk rami rami kamar an gwaguye shi, biyu kuma tun a cikin tukunya suka fashe farin ya zubo cikin ruwa. Da na yanka sai ga gwaiduwar ta bushe kamar gari, gefenta ya yi wani kore kore, ga wari. Wallahi ya min ciwo, don abinci ne na ɓata da hannuna.

Wannan koren ba lalacewa ba ce, ana iya ci, amma alama ce wuta ta yi yawa. Farin ƙwai yana da sinadarin salfa, gwaiduwa kuma tana da sinadarin ƙarfe, in zafi ya daɗe sai su haɗu a inda farin ya taɓa gwaiduwar su ba da wannan kalar, warin ma daga salfar yake. Kuma ƙwai ba ya buƙatar wutar da nake ba shi, kafin zafi ya kai digiri 70 farin ya fara daskarewa, ita ma gwaiduwa wajen nan take kamawa. Duk ƙarin da nake yi taurara shi kawai nake, shi ya sa farin ke zama kamar roba.

Yanzu ga yadda nake yi. Ruwa kaɗan nake zubawa a tukunya, kamar santimita 2 zuwa 3, in ɗora madambaci ko kwalanda ta ƙarfe a kai yadda ruwan ba zai taɓa ƙwan ba, in rufe in jira ya tafasa sosai tururi ya tashi. Sai a lokacin nake jera ƙwan, layi ɗaya, ban ɗora wani kan wani ba, in mayar da murfi in saita agogon waya. Minti 12 zuwa 13 in ina son gwaiduwa ta dahu tsaf, minti 9 ko 10 in ina son tsakiyarta da ɗan laushi, 6 zuwa 7 kuma ruwa ruwa za ta fito. In ƙwan manya ne ko daga firij kuka ciro su yanzu, ku riƙe 13 ɗin.

Don Allah ku riƙe maganar jiran tururin nan, a nan ne sirrin yake. Ƙwan da ya shiga zafi kai tsaye, farinsa na waje yana kamawa nan take kafin ya manne da wannan siririn tantanin da ke cikin ɓawo, shi kuwa wanda aka fara da ruwan sanyi a hankali yake ɗumama sai farin ya liƙe da tantanin, ka ga dalilin da nake shan wahalar ɓarewa kenan duk shekarun nan. Sannan a tururi ƙwai yana zaune ne wuri ɗaya, ba ya tsalle yana bugun tukunya balle ya fashe.

Karo na farko da na gwada ma sai da na yi wani kuskuren, na riƙa buɗe murfi ina leƙawa, tururin yana fita, lokaci ya cika na yanka na tarar bai gama ba. Ku bar murfin a rufe. In kun zo buɗewa kuma ku karkata shi ta can gefe, nesa da fuska, ƙunar tururi ba wasa ba ce, ta taɓa kama ni a wuyan hannu na kwana biyu ina jinya. Da cokali ko abin kamu za ku kwashe.

Ana saukewa sai cikin ruwan ƙanƙara, minti 10 haka. In babu ƙanƙara ruwan sanyi ma ya yi, ku dai canza shi in ya ɗumama. Da ba na yin wannan, sai in bar su a tukunya su huce da kansu, ashe dahuwa suke ci gaba da yi. Wajen ɓarewa ku fara ta ɓangaren mai faɗi, akwai ɗan gurbin iska a wurin, ku sa yatsa ƙarƙashin tantanin sai ku ga ɓawon yana tafiya da kansa. Ƙwan da ya yi kamar sati da saye ma ya fi sabo fil sauƙin ɓarewa.

Wanda ya rage kar ku bar shi a waje ya wuce awa 2, ku sa a firij da ɓawonsa, zai kai sati ɗaya. Kuma kar wanda ya ce bari ya yi sauri ya sa ƙwai da ɓawonsa a maikirowef, tururi ne ke taruwa a ciki ya rasa hanyar fita, fashewa yake yi kuma yana iya ƙona mutum.