Evo, STI ko Golf R: abin da duba motoci ya koya mini game da giya

Aikina duba mota ne kafin a biya kuɗinta. Mutum zai hango mota a gwanjon Amurka ko a filin dillalai, ya kira ni in bi tarihinta, idan ta iso in shiga ƙarƙashinta in gaya masa abin da idona ya gani. Yawancin abin da ke zuwa hannuna Corolla ce da Camry da Accord, waɗanda ko yaron gareji ya haddace ciwonsu. Amma jifa-jifa akan samu matashi mai ɗan abin hannu, ko babban mutum da ƙuruciya ba ta gama sakinsa ba, ya ce shi motar gudu yake so, mai ja da ƙafa huɗu. Sunaye uku ne suka fi fitowa daga bakinsu: Subaru WRX STI, Mitsubishi Lancer Evolution X, da Volkswagen Golf R. Kuma kusan kowa da tambaya ɗaya yake farawa, wai wacce ta fi gudu.

Wannan tambayar ba ta da wuyar amsawa, kuma ba ta kai mutum ko'ina. A ƙirar da aka sayar a Amurka, STI ta shekarun 2008 zuwa 2018 tana da ƙarfin doki 305, Evo X tana da 291, Golf R ta 2015 kuwa 292. Dokin da bai wuce goma sha huɗu ba ne tsakaninsu, kuma babu direban da zai ji wannan bambancin a titin da ke da ramuka da 'yan Keke Napep. Abin da zai ji kullum, safe da yamma, a ƙafarsa ta hagu da kuma aljihunsa, shi ne giyabos. Shi ya sa yanzu daga nan nake fara magana da duk wanda ya zo mini, kafin mu kai ga launin fenti.

Kishin da ke tsakanin Subaru da Mitsubishi tsoho ne. Dukansu a 1992 suka fito da waɗannan motoci a Japan, Impreza WRX da Lancer Evolution ta farko, kuma don gasar tseren duniya ta WRC aka yi su, inda ake gudu a burji da laka da ƙanƙara. Colin McRae ya ci kambun direbobi da Subaru a 1995, sai Tommi Mäkinen ya karɓe shi da Mitsubishi sau huɗu a jere, daga 1996 zuwa 1999. Wannan tarihin ne ke sa samari zazzaɓi. Abin da ya fi damuna ni shi ne ƙarshen labarin: an daina ƙera Evo a 2016, STI kuma ƙirar 2021 ce ta ƙarshe. Ke nan duk wadda za ka samu ta riga ta bi ta hannun wani, kuma irin waɗannan motoci ba tsofaffin malaman makaranta ne ke sayensu ba.

STI ta hutar da mai saye, domin ba ta ba shi zaɓi. A Amurka da giyar hannu mai shida kawai aka sayar da ita. An yi wata mai otomatik ta giya biyar don Japan da wasu ƙasashe, amma ba ta je Amurka ba, mu kuwa da muke tuƙi da sitiyarin hagu tun 1972 daga can mafi yawan motocinmu ke zuwa. Giyabos ɗin STI yana cikin mafi ƙwari da na taɓa gani a ƙaramar mota. Kulocinta yana da nauyi, sandar giyar ba ta shiga da laushi, kuma a cunkoso za ta gajiyar da kai. Amma idan kulocin ya ƙare, faranti ne da murfinsa da bearin, aikin da duk bakaniken da ya ƙware a kan Fijo 504 zai gane da zarar ya sauke shi.

Evo X ce ke sa mutum zaman tunani. Akwai GSR mai giyar hannu biyar, akwai MR mai giya shida ta TC-SST wadda kamfanin Getrag na Jamus ya ƙera. GSR tana da juriya, aibinta ɗaya ne: babu giya ta shida. A doguwar hanya, kana kan 120, allurar injin ta haura dubu uku tana ta kuka, ga tankin lita 55 ne kacal, sai ka ga kana gaisawa da kowane gidan mai. MR ba ta da wannan matsalar, kuma idan tana da lafiya yadda take sauya giya abin sha'awa ne. Sai dai mutane da yawa ba su san abin da ke cikinta ba.

Ba ta da fedar kuloci, amma ba irin otomatik ɗin Camry ba ce. A ciki giyar hannu ce, mai kuloci biyu da ke jiƙe cikin mai. Ɗaya yana riƙe da giya ta ɗaya da ta uku da ta biyar, ɗayan yana riƙe da ta biyu da ta huɗu da ta shida. Kana tafiya a ta biyu, kwamfuta ta riga ta saka ta uku tana jira, abin da ya rage kawai wannan kuloci ya saki wancan ya kama. Saurin daga nan yake. Raunin ma daga nan yake, domin idan kana jan ciki a cunkoso, kana ɗan sakin birki kana takawa, kulocin bai kama ba bai saki ba, gogawa kawai yake yi yana tara zafi. Haka idan ka tsayar da ita a kan tudu da totur maimakon birki. Mai irin wannan mota dole ya koyi barin tazara ta buɗe a gabansa sannan ya tafi gaba ɗaya, ko da na baya suna ta danna masa hon.

An taɓa kawo mini wata MR da ke fizga tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu. Da muka kwance makullin ƙasa, man da ya zubo ja ne da ya koma ruwan ƙasa, yana warin ƙuna, ga ɗan garin ƙarfe manne a maganaɗisun. Jan launin shi ya tona asiri. Wani gareji a hanya ya ga babu fedar kuloci, ya ɗauka otomatik ce kamar kowace, ya ɗura mata jan man giya na gama-gari. Ita kuwa nata man daban ne, SSTF-I, kuma bayan an taɓa kulocinta sai an jona ta da kwamfutar da za ta sake koya mata inda yake kamawa. Mai motar ya yi makonni yana jiran kaya daga waje. Tun daga wannan aikin, kafin in ce wa mutum ya sayi mota mai kuloci biyu sai na tambaye shi sunan wanda zai riƙa yi mata sabis, kuma in ji cewa mutumin yana da na'urar.

Golf R ma irin wannan giyar take amfani da ita, wadda Volkswagen ke kira DSG, mai shida da farko, daga ƙirar 2018 kuma mai bakwai. Akwai ta da giyar hannu ma. Amma a nan hukuncina ya sha bamban da na Evo, saboda dalilin da ba a rubuta shi a takardar mota. DSG tana cikin Passat da Jetta da GTI da Audi A3, don haka manta da matatarta da masu gyaranta sun fi samuwa nesa ba kusa ba. Mai shidan tana son sabon mai da matata duk mil 40,000, wato wajen kilomita 64,000, kuma wadda aka kiyaye mata wannan tana daɗewa. A kula dai, sunan Golf kada ya ruɗi kowa. Gwanin Golf 3 na tasha gwani ne a fagensa, amma wannan wata halitta ce daban.

Wani Alhaji ya taɓa kirana zai saya wa ɗansa STI, yaron ya ba shi hotuna har da bidiyo. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron ya iya giyar hannu?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai zai koya, mu da wa ya koya mana?" Na ce, "Allah ya ƙara girma, ku a kan Fijo kuka koya, in ta mutu a tsakiyar titi a tura. Wannan kafin ya gama koyo ya cinye kuloci, kuma kullum cikin gari zai yi ta yawo da ita." Ya yi dariya ya ce in faɗi abin da nake gani. Golf R mai DSG na ce. Yaron ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata.

Akan kawo mini zancen WRX wadda ba STI ba, mai doki 268 a ƙirar 2015 zuwa 2021, wadda ake samu da giyar hannu ko da CVT, irin giyar da ke aiki da sarƙa ba tare da matakai ba. Don zirga-zirgar yau da kullum ba ta da laifi. Amma wanda ke da niyyar ƙara wa injin ƙarfi daga baya ya bar ta, ba don wannan aka yi ta ba.

Ja da ƙafa huɗun ma ba iri ɗaya ba ne. STI kullum ƙafafunta huɗu na aiki, kashi 41 na ƙarfin a gaba, 59 a baya, kuma akwai maɓallin DCCD kusa da sandar giya wanda da shi direba zai iya ɗaure na'urar tsakiya, mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, ko ya sassauta ta. Evo tana da S-AWC, wanda ke iya tura ƙarfi zuwa tayar baya ta waje a kan kwana, shi ya sa take shiga kwana kamar ana juya ta da hannu. Famfon da ke wannan aikin yana ƙasan motar ta baya, kuma idan ta fito daga jihohin Amurka da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, nan nake fara haska tocila, don tsatsa na cin sa. Golf R ta kafin ƙirar 2022 kuwa tsarin Haldex gare ta: yawanci da gaba take ja, sai an buƙata take tura ƙarfi baya. Shi ma yana da nasa man da ake canzawa duk shekara uku, da 'yar rariya a bakin famfo da datti ke toshewa. Na ga wadda mai ita ke alfahari da ƙafa huɗu alhali ta daɗe da komawa ƙafa biyu bai sani ba.

Abin da ya haɗa su duka shi ne taya. Al'adarmu, taya ɗaya ta fashe a sayi ɗaya, sau da yawa ma 'yar tokunbo ta wani kamfani daban. A waɗannan motoci tayar da ta fi sauran tsayi ko da kaɗan ne tana sa na'urar tsakiya aiki ba hutu, tana ɗaukar cewa ƙafa ɗaya na sulɓewa. Huɗu ake saya, iri ɗaya, lamba ɗaya, kuma 245/40 R18 ba ta arha. Idan ta lalace a hanya, kada a yarda janwe ya ɗaga ƙafa biyu ya ja biyu a ƙasa, sai dai a ɗora ta gaba ɗaya a kan mota. Masu sayen sukan ɓata rai idan na lissafa musu wannan, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai fetur da zafi. Evo da STI an tsara su ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa famfo ɗaya ne a gidan mai, abin da ya fito shi za ka sha. Injin STI, EJ257 mai lita 2.5, an san shi da rashin haƙuri da wannan: idan yana ƙwanƙwasa a ƙarƙashin matsin turbo, gefen fistin da ke riƙe ringi yakan tsage. Na'urar sanyaya iskarsa a saman injin take, ƙarƙashin wannan hancin da ke kan bonet, don haka a tsaye cikin ranar Afrilu zafin injin take sha, kuma wanda ya fita daga cunkoso ya take totur nan take yana neman magana. Ta Evo a gaba take, ta fi samun iska. Ban yarda a biya kuɗin STI ba sai na auna matsin kowace silinda, na kuma nemi shaidar canza bel ɗin taimin, wanda wa'adinsa mil 105,000 ne. Evo X da Golf R sarƙa gare su.

Haka nake neman sawun mai ita na farko. Da yawa sukan ƙara wa motar ƙarfi, su more ta, in za su sayar su mayar da kayan asali. Amma ƙananan ramukan sukurori a jikin ginshiƙin gilashin gaba, inda aka taɓa ɗaura agogon turbo, ba sa ɓoyuwa. Haka notocin salansa da kawunansu suka sha sifana, da wayar da aka yanke aka naɗe da baƙin salatif a bayan batir. Idan na ga biyu daga cikin waɗannan a kan MR, nakan ce a wuce, domin ƙarin ƙarfin a kan kulocinta ya sauka.

To wacce zan zaɓa? Wanda zai yi yawon gari kullum kuma yana da ƙwararren mai gyaran Volkswagen da Audi kusa, Golf R mai DSG. Wanda ya iya giyar hannu, yana son ya riƙe mota shekaru, kuma zai iya kame ƙafarsa lokacin zafi, STI. Evo GSR ita ce ta fi daɗin tuƙi a wurina, in mutum zai jure kukanta a doguwar hanya da ɗan ƙaramin but ɗinta da batir da tankin ruwan gilashi suka cinye. MR kuwa sai wanda ya ware kuɗin giyabos a gefe tun ranar saye.

Kwanan nan tambayar ta fara sauyawa. Toyota ta fito da GR Corolla a ƙirar 2023, silinda uku, lita 1.6, doki 300, da giyar hannu kawai, sannan a ƙirar 2025 ta ƙara otomatik mai takwas ta irin wadda makanikanmu suka saba da ita. Golf R kuma ta bar giyar hannu bayan ƙirar 2024. Masu kirana kan GR Corolla suna jin sunan Corolla sai hankalinsu ya kwanta, suna ganin za su samu kayanta a kowace kasuwar kayan gyara. Su ma tambayoyin nan nake yi musu: wa zai tuƙa, a wace hanya, wa zai yi mata sabis, sannan in gaya musu kuɗin taya huɗu.