Bindigar farauta da rutubar Jidda

Duk shekara in Oktoba ta matso, hirar masu sha'awar farauta a nan Jidda sai ta koma kan baje kolin shaho da kayan farauta da akeyi a Malham, arewa da Riyad, tunda can ne mutum zai ga bindigogi iri iri ya ɗaga ya ji nauyinsu, mai lasisi ya saya. Bana ƙanin matata ne ya dameni da waya, yaya wace zan ɗauka, yaya duba min wannan, wai zai bi abokansa Namibiya farautar manyan namun daji, kuma duk hoton da ya turo min mai ƙotar katako ce tana ta ƙyalli. Nace masa ƙanina tsaya tukuna, kyau ba shine farkon abun dubawa ba.

Da farko dai kowa ya sani manyan namun daji ba a nan Saudiyya ake harbinsu ba. Mariri da barewa da akuyar dutse duk an hana, damisar Larabawa kuwa tarar ta riyal 400,000 ce. Lasisin da cibiyar kula da namun daji ta ƙasa take bayarwa ta manhajar Fitri na tsuntsaye ne da aka lissafa, a lokacin da aka ware daga Satumba zuwa ƙarshen Janairu. To kaga ita wannan bindiga kusan duk shekara kwana zatayi a gida cikin akwati, aikinta na ƴan kwanaki ne a Namibiya ko Afirka ta Kudu lokacin sanyinsu, wajen Mayu zuwa Agusta.

Su kamfanonin in sunce bindiga tana jure yanayi, ruwan sama da ƙanƙarar Alaska ko Finlan suke nufi. Mu ba wannan ne matsalarmu ba. Namu rutuba ce, wato danshin iska, mai haɗe da gishirin Bahar Maliya, wadda ko makullin gida ka bari a waje sai ya nuna maka, ga kuma mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ka fito da ƙarfe mai sanyi daga ɗaki ka shiga iskar Jidda nan take raɓa ta kwanta a jikinsa, har cikin bututu da gurin kunama inda ido baya gani, ka mayar da ita akwati a haka ka rufe, shikenan tsatsa ta samu gida. Can daji kuma ƙura ce da yashi, a bayan mota a buɗe tun asuba har yamma.

Shiyasa ni ƙota nake fara dubawa kafin ƙarfe. Katakon gyaɗar turawa da ake yin ƙota dashi yana da kyau wlh, nima ina so, amma katako yana shan danshi ya kumbura kamar ƙofar katako da damina a gida, in ya je inda iska ta bushe ya motse. In ya motsa ko kaɗan ya taɓa bututu, bindigar da ka saita a nan sai ta sauya inda take kai harsashi, kuma a mita 200 wannan ɗan kaɗan ɗin shine bambancin kashe dabba nan take da raunata ta ta shige daji tana wahala, abun da ba maharbin kirki da yake so. Ƙotar roba ko ta faiba bata da wannan. Amma itama ba duka ba, akwai ta arha mai laushi wadda in ka matsa gabanta da yatsa zaka ga tana lanƙwasa ta taɓa bututun. Ka nemi mai almuniyom a ciki inda jikin bindigar yake zama. A shago ka zura takardar riyal tsakanin bututu da ƙota ka ja ta baya, in ta wuce sumul ba inda ta maƙale to bututun a sake yake, haka ake so.

Sai ƙarfe. Baƙin nan mai sheƙi na da, kariyarsa kaɗan ce, gumin hannu ma yana barin shaida a kai. Sitenles yafi, amma kada wani ɗan kasuwa ya ce maka baya tsatsa, yana yi, jinkiri ne kawai, musamman in da gishiri a iska. In an ƙara masa fentin Cerakote a kai to madalla, kuma yana kashe ƙyallin da dabba zata hango daga nesa. Sai dai fentin a waje yake, cikin bututu babu, dole dai ka riƙa zura tsumma da ɗan mai.

Ita bindiga mai sakata, wadda sakatar ce ke tura harsashi cikin bututu ta kulle, dalilin da yasa har yau maharba basu sake ta ba shine sauƙi, da hannunka zaka ja ka tura, kayan cikinta kaɗan ne, ka zare sakatar ka goge ka mayar cikin minti ɗaya. Tsarin Mauser na 1898 shine uban gidan, ƙugiyarsa tana riƙe harsashi tun daga fitowarsa har ya shiga, kuma Winchester Model 70 da ta fara fitowa a 1936 akan wannan tsarin take, akwai samfurinta Extreme Weather mai sitenles. Tikka T3x ta kamfanin Sako na Finlan kuma sakatarta santsi, nauyinta wajen kilo 3, kuɗinta da dama dama. Wanda zai fara, kudu (wata babbar dabba dangin barewa) da mariri da gadu zai nema, ni Tikka nake cewa ya ɗauka ya sa ragowar kuɗin a madubin saiti mai kyau wanda aka cika da iskar naitirojin baya yin hazo a ciki. Wanda ɓauna ke ransa wannan wata magana ce, Model 70 zan nuna masa.

Harsashi ba sai an ja dogon zance ba, masu lamba .308 ko .30-06 sun isa namun fili irin su mariri da gadu kuma ana samunsu ko ina. Ɓauna sai .375 H&H, tsohon harsashi tun 1912, ƙasashe da dama shine mafi ƙanƙantar da suke yarda dashi. Kawai ka sani bindiga mara nauyi in harsashinta babba ne kafaɗa ce zata biya. Kuma dan Allah kada a bar kwalin harsashi a gaban mota cikin rana, zafi yana ƙara masa matsi ya sauya tafiyarsa.

Wani abu da nake yawan gani gurin mutanenmu, saboda tsoron tsatsa sai a yiwa sakata wanka da mai a tafi daji a haka, ƙura ta haɗu da man ta zama taɓo, sakata ta fara cijewa. Mai na ajiya ne, ranar fita a goge shi sai ɗan abun da ba'a rasa ba. In ta Afirka ta Kudu zaka shiga akwai fom ɗin ƴan sanda SAPS 520 na izinin shiga da bindiga da ake cikewa, jirgi kuma baya ɗaukar harsashi sama da kilo 5, fom ɗin ka cike shi tun kafin ranar tafiya. In ka dawo Jidda kada ka barta cikin akwatin tafiya mai soso, soson yana riƙe danshi, ka cireta ka goge ka sa a ma'ajiyar ƙarfe mai makulli da ƙunshin silika mai tsotse danshi, duk wata ka leƙa bututun a haske.