Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tsohuwar Dun Kwin

A shekarata ta biyu a ƙasar Ayalan aka tura ni aikin kula da tsofaffi a gidajensu a Dun Kwin, wata ƙaramar gundumar coci da ke ƙurewar yammacin Keri, inda ƙasa ta ƙare teku ta fara. Yankin yana cikin wuraren da ake kira Gaeltacht, wato inda Ayirish, harshen asali na ƙasar, ya kasance harshen gida tun kaka da kakanni.

Tsohuwar da aka damƙa mini ta haura shekara tamanin, kuma ciwon mantuwa ya fara kwashe Turancin da ta koya a makaranta, ya bar mata harshen da ta sha a nono. Kalmar farko da na koya a bakinta ita ce "uisce", wato ruwa, domin sai da ta maimaita ta sau uku tana nuna maƙogwaronta kafin na gane ƙishirwa take ji. Daga tagar ɗakinta ana hango tsibirin Blasket, wanda aka kwashe mazaunansa na ƙarshe a 1953, kuma takan zauna tana lissafo dangin da suka tafi Springfield a Amurka ba su dawo ba. Har makarantar garin ma, gwamnati ta rufe ta a 1970, sai da iyaye suka yi tsayin daka aka sake buɗe ta a 1973. Gidaje da dama a layinta sun zama na 'yan hutu, ba a kunna musu fitila sai lokacin bazara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne wata Lahadi da jikokinta suka zo gaisuwa. Ta yi musu tambaya da Ayirish, suka fahimce ta sarai, domin da shi ake koyar da su a aji, amma suka amsa da Turanci, sannan suka koma hirarsu da Turanci a tsakaninsu. Ba raini ba ne, yara ne masu ladabi. Harshen ne ya zama na aji da na kaka, ya daina zama na wasa. Ta yi shiru, ta miƙa hannu ta ƙara sautin Raidió na Gaeltachta, gidan rediyon da ba ta rabuwa da shi tun buɗe shi a 1972.

Da suka tafi, ta riƙe hannuna ta ci gaba da ba ni labarin da ta fara ba su, ni da ban san fiye da kalmomi ashirin ba. A daren na sayi littafin rubutu, abin da zan ba da labarinsa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.