Kakkauran Zobo da Abincin da Ke Tafiya da Shi

Yawancin zobon da ake sayarwa a leda ko a gora an tsinka shi da ruwa, an kuma cika masa sukari da filebo, ta yadda mai sha ba ya jin komai sai zaƙi da sanyi. Wanda nake haɗawa a gida domin a sha tare da abinci daban yake: kakkaura ne, jansa ya kusa komawa baƙi, yana da tsami mai ƙarfi da ɗan bauri da ke kama harshe bayan an haɗiye.

Busasshen zobo mai duhu nake nema, irin wanda ake nomawa da yawa a Jigawa, wanda 'yan kasuwa ke tarawa buhu-buhu bayan kaka har su tura shi Meziko. Nakan wanke shi da kyau saboda yashi, in zuba cikin gwangwanin madara uku a ruwa lita 2 da ya riga ya tafasa tare da dakakkiyar citta da 'yan ƙwayoyin kanumfari, sai in sauke tukunyar in rufe ta na minti 30. Na lura cewa idan aka bar shi yana ta tafasa a kan wuta, baurin yana rinjayar ƙamshin. Kanwa kuwa, wadda wasu ke jefawa domin ta kashe tsami, ba na amfani da ita, domin tana dusashe launin, kuma tsamin da take kashewa shi ne abin da ake buƙata idan abinci ya zo.

Inda wannan zobo ya fi nuna kansa shi ne a gefen nama mai maiƙo. Idan mutum ya ci yankan balangun rago mai kitse, maiƙon yakan lulluɓe masa harshe da dasashi, har loma ta huɗu ko ta biyar ta daina daɗi kamar ta farko. Kurɓi ɗaya na zobo mai tsami yana wanke wannan maiƙo, gishirin naman kuma yana tausasa tsamin, sai kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa armashi. Haka yake da soyayyen naman layya, da farfesun ƙafar saniya mai danƙo, da tsire, wanda gardin ƙuli-ƙulinsa yake fitowa fili bayan zobon ya wuce. A ganina wannan haɗi ya fi ƙarfin duk wani lemon kwalba, kuma abin yana damuna idan na ga an yi hidimar gasa rago an kawo zobon da ba a jin komai a cikinsa sai sukari.

Kilishi yana buƙatar lura. Yana zuwa da yajinsa da cittarsa, don haka idan zobon ma ya sha citta da masoro, zafi kan haɗu da zafi ya rufe ɗanɗanon naman. A ranar da za a ci kilishi ko dambun nama mai yaji sosai, nakan rage kayan ƙamshi, in ƙara ɗan zaƙin dabino ko ɓawon abarba, domin zaƙi kaɗan yana kwantar da barkono.

Akwai abincin da ba ya jituwa da shi. Faten tsaki mai yakuwa da miyar da aka sa wa tsamiya suna da nasu tsamin, kuma idan aka bi su da zobo haƙora kan mutu. Alkaki da nakiya suna sa zobon ya ƙara tsami a baki saboda zaƙinsu ya fi nasa, dafaffen kifi marar maiƙo kuma ɗanɗanonsa ɓacewa yake yi gaba ɗaya, ko da yake soyayyen tarwaɗa yana iya tsayawa da shi. Madara ba ta shiga cikinsa, domin tsamin yana tsinka ta nan take.

Sanyinsa ma yana da iyaka. Ƙanƙara mai yawa tana ɓoye ƙamshin kanumfari, tana narkewa ta tsinka kaurin, sannan tana sa kitsen nama ya daskare a baki, shi ya sa nake fitar da shi daga firji kamar minti 15 kafin a zauna cin abinci.