Abin da taron tsofaffin motoci ya koya min a garin Somerset

Ni dai bakanike ne, a Panteka ta Kaduna na koyi aiki, shekara bakwai ina kwance ƙarƙashin mota kafin Allah ya yi min hanyar zuwa Amurka. Kuma da na zo ba wani babban birni na faɗa ba kamar yadda 'yan gida suke zato, wani ɗan ƙaramin gari ne a jihar Kentucky sunansa Somerset, mutanensa wajen dubu 12 ne kacal, yana kusa da tafkin Cumberland. Na samu aiki a wani gareji da ke bakin babban titin garin wato Highway 27, titin da ko danjojinsa lamba gare su, in ka tambayi kwatance sai a faɗa maka lambar danjar da za ka yi kwana.

Watannin farko sun min wuya gaskiya. Aikin nan duk na kwamfuta ne, tun 1996 duk motar da aka sayar a ƙasar tana da wani soket a ƙasan sitiyari, ka jona na'ura ta karanto maka lambar matsalar, ka cire abin da ya mutu ka ɗaura sabo, shi kenan an gama. Ni kuwa abin da hannuna ya sani kafireta ne da kwantak da saita wuta da kunne, irin aikin da muke yi wa Fijo 504 da tsofaffin Basuwaja, kuma wallahi ko a baki ban taɓa faɗa wa kowa a garejin na iya su ba, don a raina na ɗauka ilimin rashi ne, abin da mutum ke koya saboda ba shi da kuɗin sayen sabo.

To ranar wata Asabar a watan Afrilu sai maigidana ya ce a rufe da wuri yau akwai taro a cikin gari, in zo mu je. Sunan taron Somernites Cruise, tun 2001 ake yinsa, duk Asabar ta huɗu a wata daga Afrilu har Oktoba. Ana rufe titunan tsakiyar gari kewayen Fountain Square, motoci ɗaruruwa su jeru gefe da gefe kowacce an ɗaga mata bonet, ga Chevrolet Bel Air ta 1957 mai fikafikai a baya, ga Mustang wadda aka fara fitarwa a 1964, ga Camaro, ga Corvette wadda a nan jihar ma ake ƙera ta a Bowling Green tun 1981, ga tsofaffin a-kori-kura na manoma da fentinsu ya koɗe amma injin kamar a ci tuwo a kai. Masu motocin sun baje kujerun naɗewa a bayan but, wasu da albam ɗin hotuna a buɗe, ga motar lokacin da aka jawo ta daga rumbun gona duk tsatsa, ga ta bayan shekara shida ana aiki. Da yamma ta yi kuma sai a tayar da su a hau Highway 27 a yi ta kai da kawo a hankali, mutane a bakin titi da yara a kafaɗa suna ɗaga hannu. Abin da ya faɗo min a rai hawan Sallah ne, yadda kowa ke fito da dokinsa da ya yi wata da watanni yana kiwo ya sha ado, gari kuma ya fito kallo.

A wannan ranar ce wani dattijo mai Bel Air ya tayar da motarsa tana ta tari tana mutuwa, mutum huɗu sun zagaye ta kowa na faɗin nasa. Ni daga inda nake tsaye na ji matsalar, mai ne ya yi mata yawa, ga warinsa ga baƙin hayaƙi a salansa. Na daɗe ina jan ƙafa kafin na ce masa ko zai bari in duba. Ya miƙo min sukundireba bai ce komai ba. Na cire murfin iska, na ga cok ɗin, wato marfin da ke rage iskar da ke shiga kafireta, ya maƙale bai buɗe duka ba, na saki shi, na juya sukurorin saitin kaɗan-kaɗan ina saurare har injin ya kwanta ya koma numfashi ɗaya. Ko minti goma ba a yi ba. Dattijon nan ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana tambayata a ina na koya, na ce masa a Najeriya, a hannun wani tsoho da bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Ashe tun wajen 1990 aka daina fitar da sababbin motoci masu kafireta a ƙasar, yaran da suka fito daga makarantar kanikanci yanzu da yawansu ba su taɓa kwance ɗaya ba, tsofaffin da suka iya kuma ido ya yi rauni hannu na rawa. Litinin na zuwa motoci uku suka shigo garejinmu ana neman "mutumin nan na ranar Asabar", daga nan maigida ya ware min lungu guda na tsofaffin motoci.

Amma darasin da ya fi shiga jikina kuskure na yi kafin na koye shi. Wata tsohuwa ta kawo Mustang ta 1966 a gyara mata birki, motar mijinta ce da ya rasu. Ina aiki na ga kan giyar ya tsage an naɗe shi da baƙin salatif, ina da wani mai kyau a akwatina, sai na ce bari in kyautata mata, na canja na jefa tsohon a kwandon shara. Da ta zo ɗauka ta zauna ta ɗora hannu a kan giyar sai ta yi shiru, can ta ce min ina na da ɗin. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce mijinta ne ya naɗe shi da hannunsa, kuma duk wata in ta fito taron nan a wurin take ɗora hannunta. Na zazzage kwandon nan gaba ɗaya a ƙasa, cikin baƙin mai da tsumma, Allah ya taimake ni na same shi na mayar mata. Tun daga ranar ko wasa ban ƙara taɓa abin da ba a sa ni ba, kuma duk abin da na cire daga tsohuwar mota, ko ƙusa ce, sai na sa a leda na rubuta na miƙa wa mai ita. Kafin in ɗaga bonet ma yanzu sai na fara tambaya motar wa ce, tun yaushe take gidan, me ake so a bari yadda yake. Akwai ma ɓangaren kuɗi a ciki, motar da injinta na asali ne mai lambar da ta fito da ita daga kamfani ta fi wadda aka yi wa dashe daraja nesa ba kusa ba, amma yawancin waɗanda nake wa aiki ba sayarwa za su yi ba.

Sannu a hankali kuma na gane motar dalilin fitowa ce kawai. A garin nan mutum zai yi sati bai ga maƙwabcinsa ba, daga gida sai mota sai wurin aiki, babu majalisa babu dandali irin namu. Lokacin sanyi kuma da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, gishirin na cin ƙarfe, sai kowa ya kulle tsohuwar motarsa, kusan shi ma ya kulle kansa. Shi ya sa taron Afrilu ya fi kowanne taɓa ni, ranar ake ganin wanda ya fito da wanda bai fito ba, a ji wane ya kwanta asibiti, wane ya rasu ɗansa ne ya tuƙo motar bana. Likita da mai yankan ciyawa su sunkuya a kan inji ɗaya suna gardamar fulogi. Masu shagunan tsakiyar gari su yi ciniki, 'yan sa kai su yi ta tsaron hanya a rana. Na taɓa zuwa babban taron motoci na Woodward a yankin Detroit, wanda aka fara a 1995 ake yi a watan Agusta, motoci kam ba a magana, amma na yini babu wanda ya san ni. A Somerset kuwa akwai wata baiwar Allah mai sayar da abinci da ta gane ba na cin alade, duk wata sai ta ajiye min kaza daban, kuma da bazara da magariba ke kaiwa wajen ƙarfe tara, in na shimfiɗa darduma a bayan motar gareji dattijon nan mai Bel Air shi ke zama ya tsare min kayan aiki har in sallame.

Kwanakin baya na kira maigidana na Panteka ta WhatsApp na juya masa kyamara ya ga layin motocin. Na ce Baba, ka ga irin waɗanda muke yankawa mu sayar wa 'yan gwangwan a kilo, nan su ake fitowa kallo. Ya yi ta salati, ya ce ɗana ai mu ma muna da namu, tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri, wace ce ba ta bi ta hannunmu ba. Na tambaye shi 504 doguwar nan fara da ke bayan shago tana nan? Ya ce tana nan, kaji ke kwana a ciki, har an zo an yi mata kuɗi sau biyu. Na ce don Allah Baba kar ka sayar, zan turo kuɗin kayan kafireta da batir, a sa yaran shago su kwance ta da hannunsu kana zaune kana nuna musu. Ya ce to, amma in haɗo da kuɗin taya huɗu, don na jikinta duk rana ta cinye su.