Abin da na koya game da zafin jikin masu ciwon gajiya mai daɗewa

A makarantar koyon aikin jinya an karantar da mu cewa zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas, adadin da likitan Jamus Carl Wunderlich ya tsayar a 1868 bayan ya auna dubban mutane a Leipzig. Sai da na fara zagayen awon asuba da na yamma a ɗakin majinyata na ga cewa adadin ba ya zama wuri ɗaya. Yakan yi ƙasa wajen ƙarfe huɗu zuwa biyar na asuba, sannan ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa tsakanin la'asar da isha'i, tazarar kuwa takan kai rabin digiri zuwa digiri guda. Saboda haka digiri 37.4 da asuba abin dubawa ne, alhali da yamma ba komai ba ne.

Wannan ya fi yi mini amfani a kan masu ciwon gajiya mai daɗewa, wanda likitoci ke kira ME/CFS, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan jijiyoyi tun 1969. Mai wannan ciwo yakan zo yana cewa jikinsa zafi yake yi, cikin dare gumi na jiƙa masa riga, tafin hannunsa da ƙafafunsa kuwa sanyi ƙalau. A sa masa ma'auni a hammata, sai ya nuna 36.8. A nan ne ma'aikaci mai gaggawa kan yanke cewa ba abin da ke damunsa.

Masana ma sun daɗe suna kai-komo a kan batun. Ƙa'idojin gane ciwon da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta fitar a 1988 sun lissafa ɗan zazzaɓi cikin alamunsa, na 1994 suka cire shi, sannan na Kanada na 2003 suka dawo da maganar ta wata fuska, wato rashin daidaituwar zafin jiki da kasa jure zafi ko sanyi. A 1998 wani mai bincike mai suna Hamilos da abokan aikinsa a Amurka sun sa majinyata haɗiye wata 'yar ƙwaya mai aiko da awon zafin cikin ciki dare da rana, suka tarar da cewa hawa da saukarsa bai bambanta da na masu lafiya ba. Mutanen da aka auna kaɗan ne, don haka ba na ɗaukar sakamakon a matsayin hukuncin ƙarshe, amma ya dace da abin da nake gani.

A ganina majinyacin da ma'aunin duk gaskiya suke faɗa. Zafin cikin jiki daban, abin da fata ke ji daban, domin na biyun ya dogara ne da yadda hanyoyin jinin fata ke buɗewa da tsukewa da kuma yadda gumi ke fita, kuma jijiyoyin da ke sarrafa waɗannan ba tare da saninmu ba sukan rikice wa masu wannan ciwo. A ƙasarmu kuwa, inda duk wanda ya ji jikinsa da ɗumi kan wuce kemis ya sayi maganin maleriya ko na taifot, irin wannan majinyaci yana iya shafe watanni yana shan magungunan ciwon da ba shi da shi.

Yanzu nakan roƙi majinyaci ya riƙa awo da ma'auni ɗaya, safe da yamma, yana rubuta lokacin da kuma aikin da ya yi jiya da shekaranjiya, tunda taɓarɓarewar da ke bin wahala a wannan ciwo takan bayyana ne bayan sa'o'i 12 zuwa 48. Idan mace ce nakan tambayi kwanakin al'adarta, domin bayan fitar ƙwai zafin jiki kan ƙaru da kusan rabin digiri. Idan kuwa awon ya kai digiri 38, ba na jingina shi ga gajiyar, gwajin jini nake tura shi.