Talata: Soyayyen Dankali da Hawan Jinin Hajiya

Yau da la'asar na dawo daga aiki na tarar da Hajiya, mahaifiyar maigidana, zaune a kan tabarma da ledar soyayyen dankali a gabanta, irin siraran nan masu ƙaras-ƙaras da ake sayarwa a shago. Jikokinta ne suka kawo mata, wai tun da dankalin Hausa ne ba zai yi mata illa ba. Gabana ya faɗi, domin wata uku ke nan da likita ya ce ta rage gishiri saboda hawan jini.

Yaran suna da ɗan gaskiyarsu. Dankalin Hausa, musamman mai jan ciki, yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ido ke buƙata, kuma yana taimaka wa ciki wajen narkar da abinci. Sai dai idan aka yanka shi siriri aka tsunduma a tafasasshen mai, ruwan jikinsa ne ke fita, mai ya maye gurbinsa. Giram 100 na dafaffe ba ya kaiwa kalori 100 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), amma na leda yakan kai wajen 500. Da na taɓa guda ɗaya, yatsuna suka yi naso, gishiri kuma ya maƙale a kansu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin miya.

Ƙonannun da ke ƙasan ledar ma sun dame ni. Tun 2002 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci, idan ya sha wuta sosai, yana samar da sinadarin akirilamaid, wanda ake zargi da haddasa ciwon daji.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki ba ni wannan, yanzu zan kawo miki wani." Ta harare ni kaɗan, sannan ta miƙo.

Na fere dankali biyu, na yanka da kauri, na jiƙa a ruwa, na tsane, na shafa man gyaɗa cokali ɗaya, sannan na gasa bisa garwashi, na sauke tun bai yi duhu ba. Yajin kuwa citta da tafarnuwa da barkono kawai na daka. Ta cinye tas, ko da yake ta ce gishiri bai ji ba. Gobe zan gwada mata da makani, in matsa lemon tsami a kai.